Ƙwan Baba Jatau

Damina ta kankama, zabi na ta zuba.
Baba Jatau ya iso daga Bomo da sanyin safiya,
taɓo har gwiwar wando,
kwandon ƙwai ɗaure a bayan keke.

Gwaggo Yalwa ba ta ciniki da ido.
Tana da wani kwano mai tsatsa a baki,
takan cika shi da ruwan rijiyarmu ta Gyallesu
ta riƙa sakin ƙwai ɗai-ɗai.
Wanda ya nutse ya kwanta, nata ne,
za a dafa, a kai Kwangila da ƙullin yaji.
Wanda ya taso kuwa bara-gurbi,
ya koma wa mai shi.
Shekara goma sha ɗaya ruwan nan na yi musu alƙalanci,
ba wanda ya taɓa ɗaukaka ƙara.

Ni kuwa jiya-jiyan nan
Malam Tanimu ya nuna mana abu a aji biyar.
Kofi biyu, ruwa kai ɗaya.
Ya juye gishiri a guda, ya dama har ya ɓace,
ya ce, ku duba, da ƙyar ruwan ya ɗaga,
amma ku hau da su sikeli.
Mai gishirin ya rinjaya.
Ya ce ba inda gishiri ya tafi,
cusa kansa ya yi tsakanin ruwa da ruwa
kamar fasinja a motar Samaru:
mota ba ta ƙara faɗi ba,
taya ce ta san an ƙaru.
Ƙwai in ya shiga, yakan ture ruwa daidai girmansa.
In ruwan da ya ture ya fi shi nauyi,
to sai a ɗauke shi a kafaɗa.

Hannuna ya kwana yana ƙaiƙayi.

Gwaggo na shiga ɗaki ɗauko kuɗi,
Baba Jatau na duba sarƙar keke,
na kamfato gishirin miya, tafi huɗu,
na juya da yatsa.
Ruwan damina dama ba garau yake ba.

Na farko ya taso.
Na biyu ya taso.
Na tara ma ya taso yana lilo,
ni ina danne dariya a bayan turmi.

Gwaggo ta ce, Jatau, ni?
Ni za ka kawo wa wannan?

Ya ɗauki ɗaya ya kaɗa a kunne,
ya ɗaga shi wajen rana ya daɗe yana kallo.
Ya ce, da hannuna na kwaso su daren jiya.
Ya faɗa a hankali,
kamar shi ma ya fi gaskata kwanon.
Da ya fasa guda ɗaya a kan dutse, da magana ta ƙare.
Bai fasa ba.
Ya jera su cikin ƙaiƙayi, ya ɗaure kwando,
ya tura keken har kwana bai hau ba.

Dariyar ta maƙale mini a wuya.

Gwaggo ta watsa ruwan a gindin barkononta.
Kwana uku ganyen ya lanƙwashe.
Da ƙasa ta sha iska, ga wani farin zobe,
akuya ta zo tana lasa.
Gwaggo ta tsuguna, ta dangwala, ta kai baki.
Ta dubi tukunyar gishiri.
Ta dube ni.

Ba ta dake ni ba.
Ta ce, ɗauko takalminki.

Daga Gyallesu zuwa Bomo akwai tafiya
in kina riƙe da kwano,
in kuma ke za ki fara magana.

Yau a ɗakin gwaji nake aiki, a Samaru,
ina auna ruwa har zuwa ɗigo.
Duk da haka, kafin in rubuta cewa abu ya nutse ko ya taso,
sai na sake duba abin da ke cikin kwalbar.
Ɗalibai na cewa na cika naci.